Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Zanen Inji? Bayani Ga Matasan Daura Masu Son Ƙere-ƙere

Da zarar kaka ta kama a ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, ƙarar injin sussuka da na ɓarar gyaɗa ce ke cika gonaki da bakin kasuwanni. Da yawa daga cikin waɗannan injuna a gida aka ƙera su, a shagunan masu walda, ba tare da wani zane a takarda ba. Maƙerin yakan dubi wani tsohon inji, ya auna shi da tef, ya yanka ƙarfe ya haɗa. Idan ya yi aiki, madalla. Idan shaf ya karye a tsakiyar aiki, ko boris ya ci wuta, manomi ne zai yi asarar kwanaki, shi kuma maƙeri ya yi asarar ƙarfe da suna.

A gefe guda kuma, garin Daura ya samu makarantun da ke koyar da injiniyanci. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, kuma a watan Disambar wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, shi ma ta Daura aka tsara zai bi. Saboda haka matasan da ke son zana inji a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe suna ƙaruwa, kuma tambayarsu ta farko kusan guda ce: wace manhaja ce ta fi kyau?

Amsar ba ta cikin sunan manhajar. Tana cikin abubuwa uku: injin da za a ƙera, kwamfutar da wutar da mutum ke da su, da kuma shagon da zai mayar da zanen ya zama ƙarfe.

Zane daban, gwaji daban

Manhajojin nan kashi biyu ne, kuma mutane sukan gwama su.

Kashi na farko su ne na zane, waɗanda ake kira CAD a taƙaice. Da su ake fitar da siffar kowane ɓangare na inji da awonsa, sannan a harhaɗa ɓangarorin a allo a ga ko sun zauna daidai. Wasu shimfiɗaɗɗen zane kawai suke yi, mai tsawo da faɗi, kamar na takarda. Wasu kuma suna fitar da abu da kaurinsa, a juya shi ta kowace fuska. Mafi amfani ga mai ƙera inji su ne masu bin awo: idan aka canza kaurin shaf daga milimita 25 zuwa 30, ramin fuli da mazaunin boris da aka ɗaura a kan wannan awo za su canza da kansu, ba sai an sake zanen daga farko ba.

Kashi na biyu su ne na gwajin kwaikwayo. Aikinsu shi ne su yi hasashen abin da zai faru da injin idan ya fara aiki. Mafi shahara shi ne gwajin ƙarfi da ake kira FEA, inda manhaja ke yayyanka ɓangaren inji zuwa dubban ƙananan gutsattsari kamar raga, ta lissafa nauyin da ke kan kowane gutsure, ta nuna inda ƙarfe zai lanƙwashe ko ya tsage. Akwai CFD, mai lissafa tafiyar iska ko ruwa. Akwai gwajin motsi, mai nuna ko wani ɓangare zai bugi wani idan inji na juyawa. Akwai kuma DEM, mai kwaikwayon yadda ƙwayoyi irin su hatsi ko yashi ke zuba suna gogar juna.

Ba kowane inji ne ke buƙatar duka ba. Sanin wanda ake buƙata shi ne rabin zaɓen.

A fara da injin

A ɗauki injin sussukar gero a matsayin misali. Yana da gado na ƙarfen angul, da ganga mai haƙora da ke bugun zangarniya, da shaf da ke riƙe da gangar a kan boris biyu, da fuli da bel, da rariya, da fanka mai sheƙe ƙaiƙayi. Kowane ɓangare da irin tambayarsa.

Gado da murfi aikin zane ne zalla: awo ya fito daidai, ramukan noti su haɗu, a san yawan ƙarfen da za a saya. Shaf da haƙoran ganga su ke buƙatar lissafin ƙarfi. Fanka aikin iska ne. Tazarar da ke tsakanin haƙora da rariya kuwa, wadda ita ce ke sa gero ya fita tsaf ko ya farfashe, DEM ce za ta iya kwaikwayonta, amma manhajojinta irin su EDEM da Rocky suna da tsada, suna son kwamfuta mai ƙarfin gaske, kuma sai an ba su alƙaluman ƙwayar hatsin da aka auna a ɗakin gwaji. Ga matashin da ke Daura, ya fi sauƙi ya zana rariyar yadda za a iya matso da ita ko a janye ta, sannan ya gwada da damin gero na gaske. Ko a manyan cibiyoyin bincike irin su IAR da ke Samaru, Zariya, da NCAM da ke Ilorin, sai an zuba wa inji amfanin gona an auna abin da ya fitar kafin a ce ya yi.

Ke nan kaso mafi girma na aikin irin wannan inji zane ne mai kyau, sai gwajin ƙarfi kaɗan. Wanda ya gane haka ba zai ɓata watanni yana neman manhajar da kamfanonin jiragen sama ke amfani da ita ba.

Lissafin da wayar hannu ma za ta yi

Kafin a buɗe kowace manhaja, akwai lissafin da kalkuletar waya ta isa ta yi. Motar lantarki mai juyi kusan 1,450 a minti, idan aka sa mata fuli mai faɗin santimita 10, aka sa wa ganga mai santimita 25, gangar za ta yi juyi 580 a minti. Wato kusan sau goma a kowace daƙiƙa.

Yanzu a ce an yi waldar haƙora, gefe guda ya fi ɗaya nauyi da giram 100 kacal, a tazarar santimita 20 daga tsakiyar shaf. A wannan gudun, giram 100 ɗin nan zai riƙa fizgar shaf da ƙarfin da ya kai nauyin kilo bakwai da rabi, yana zagayawa da shi sau goma a daƙiƙa. Wannan ce ke sa inji rawa, noti su kwance, boris ya mutu da wuri.

Haka batun kauri. Shaf mai milimita 30 ya fi mai milimita 25 nauyi da kashi 44 cikin ɗari, amma ƙin lanƙwasarsa ya ninka sau biyu, juriyarsa ga murɗawa kuma ta ƙaru da kusan kashi 73 cikin ɗari. Milimita biyar kawai ta kawo wannan bambanci. Wanda ya riƙe irin wannan lissafi a kansa shi ne zai gane idan manhaja ta ba shi amsar da ba ta kama hankali ba.

Manhajojin da ake da su

*AutoCAD*, na kamfanin Autodesk, tun 1982 yake kasuwa, kuma shi ne sunan da aka fi sani a Najeriya. Ya ƙware a shimfiɗaɗɗen zane, shi ya sa masu zanen gine-gine ke ji da shi. Amma wajen harhaɗa inji mai ɓangarori da yawa masu bin awon juna, ba nan ƙarfinsa yake ba. Wanda shimfiɗaɗɗen zane kawai yake so, *LibreCAD* kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

*SolidWorks* ya fito a 1995, kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye shi a 1997. Masana'antu da jami'o'i da yawa da shi suke aiki, darussansa sun cika YouTube, kuma yana da jarrabawar shaidar ƙwarewa da ake kira CSWA, wadda ke ƙara wa takardun mai neman aiki nauyi. Matsalarsa biyu: lasisin kasuwanci dubban daloli ne, sannan a kan Windows yake aiki, kuma yana son kwamfuta mai RAM kamar 16GB kafin a ji daɗinsa.

*Fusion*, wanda aka fi sani da Fusion 360, shi ma na Autodesk ne. Ya haɗa zane da gwaji da tsara aikin injin yankan ƙarfe a wuri guda. Ɗalibin da ya tabbatar da cewa yana makarantar da kamfanin ya amince da ita yana samunsa kyauta na shekara guda, ana kuma sabuntawa muddin yana karatu. Akwai na masu sha'awa shi ma kyauta, amma an rage masa abubuwa. A intanet yake ajiye fayiloli, don haka yana son data.

*Onshape* ba a ma sauke shi a kwamfuta. A burauza yake aiki, kuma yana da manhajar Android da ta iPhone da ake iya gyara zane da su, ba kallo kawai ba. Kamfanin PTC ya saye shi a 2019. Sai dai akwai sharaɗin da ya kamata kowa ya sani: a tsarinsa na kyauta ga kowa da kowa, duk zanen da mutum ya yi a buɗe yake, wani na iya ganinsa ya kwafa. Kuma idan babu intanet, babu aiki.

*Solid Edge* na kamfanin Siemens yana da nau'in kyauta na masu koyo da masu sha'awa, mai ƙarfi sosai, wanda ake girkawa a kwamfuta. Amma ba a yi shi don kasuwanci ba, kuma zanen da aka buga daga cikinsa yana fitowa da tambari.

*FreeCAD* kyauta ce gaba ɗaya, babu lasisin biya, babu sharaɗin hana kasuwanci. Tana aiki a Windows da Linux da Mac, ba ta neman intanet bayan an sauke ta. Nau'inta na 1.0 da ya fito a Nuwambar 2024 ya zo da sashen harhaɗa ɓangarori a cikinsa, ya kuma rage tsohuwar matsalar da ke sa zane ya wargaje idan an gyara wani awo na baya. Tana da sashen gwajin ƙarfi mai aiki da CalculiX. Ba ta kai SolidWorks santsi ba, kuma makonnin farko sai an yi haƙuri da ita.

A ɓangaren gwaji zalla, *Ansys* na da nau'in ɗalibai kyauta, wanda aka ƙayyade girman ragar da zai iya lissafawa, kuma don koyo kawai aka yarda a yi amfani da shi. *SimScale* a burauza yake, kwamfutocin kamfanin ne ke yin lissafin, amma ayyukan da aka yi a tsarin kyauta a buɗe suke ga jama'a. *OpenFOAM* kyauta ce don lissafin iska da ruwa, sai dai rubuta mata umarni ake yi, ba ta dace da ɗan koyo ba.

Me waya za ta iya?

Wayar salula ba za ta maye gurbin kwamfuta a wannan aiki ba, amma ba a raina ta. Da ita za a kalli darussa, a yi lissafi, a ɗauki hoton tsohon inji ta kowace fuska tare da rubuta awonsa. Da Onshape za a iya fara koyon zane mai kauri tun kafin a mallaki laftof. Manhajoji irin su eDrawings da AutoCAD na waya suna buɗe zane a juya shi a gaban mai walda, abin da ke kashe gardama cikin minti guda, domin gani ya kori ji.

Abin da waya ba za ta iya da daɗi ba shi ne harhaɗa inji mai ɓangarori hamsin ko sittin. Allon ya yi ƙanƙanta, yatsa kuma ba shi da saitin linzamin kwamfuta.

Wuta, data da zafi

Duk wanda ke zaune a yankin da KEDCO ke ba wuta ya san ba kullum ake samunta ba. Wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓi. Manhajar da ke aiki a burauza ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, amma tana cin data, kuma idan sabis ya yi rauni aiki ya tsaya. Wadda ake girkawa ba ta damu da sabis ba, amma tana shan batir, musamman lokacin gwaji.

Ga mai sayen laftof na hannu, RAM 8GB da ma'adanar SSD sun isa FreeCAD da ƙananan ayyuka. 16GB ya fi kwanciyar hankali. Linzami mai ɗan gare a tsakiya wajibi ne. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfutar da ke lissafin gwaji takan rage gudu da kanta ko ta mutu. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe fankarta. Ɗaga ta daga kan katifa, share mata ƙura, da yin manyan lissafi da dare ko da asuba, duk suna taimakawa.

Tarkon hoto mai launi

Sakamakon gwajin ƙarfi hoto ne mai kyau: shuɗi inda babu damuwa, ja inda nauyi ya taru. Kyansa ne ke yaudarar ɗan koyo. Manhaja ba ta san injin ba. Abin da aka faɗa mata take lissafawa. Idan an faɗa mata ƙarya, za ta mayar da ƙarya mai launi.

Wurare uku aka fi yin kuskure. Na farko, irin ƙarfen. A manhaja ana zaɓar ƙarfe mai suna da lamba, wanda aka san yana fara lanƙwasa a kusan megafaskal 250. A shago kuwa, sau da yawa daga wajen 'yan gwangwan ake samo shi: tsohon shaf ɗin mota, ko rodin da babu wanda ya san asalinsa ko wahalar da ya sha. Na biyu, walda. Manhaja takan ɗauki mahaɗa kamar ƙarfe guda ne lafiyayye, alhali waldar da aka yi da ƙaramin janareta ba lallai ta ratsa ba. Na uku, irin nauyin. Gwaji mafi sauƙi yana ɗauka nauyi a tsaye yake, amma injin sussuka duka yake sha, zangarniya na shiga a dunƙule, wani lokaci har da dutse. Ƙarfen da ke lanƙwasa yana miƙewa sau miliyoyi yakan gaji ya tsage a nauyin da bai kai wanda zai karya shi a karo guda ba. Gangar da ke juyi 580 a minti tana cika juyi miliyan ɗaya cikin awa 29 na aiki, wato ƙasa da mako guda a lokacin kaka.

Maganin shi ne a bar rarar ƙarfi mai yawa, ninki uku ko fiye idan ba a san asalin ƙarfen ba. A maimaita gwajin da raga mai ƙananan idanu a ga ko amsar ta tsaya. A kuma kwatanta da lissafin hannu. Sannan akwai abin da babu launin da zai nuna shi: bel da fuli marasa murfi suna kama riga da mayafi, kuma bakin zuba zangarniya idan ya yi gajere, hannun mai aiki na iya kaiwa ga haƙora. Murfin kariya da dogon baki tun a zane ake sa su.

Wa zai karanta zanen?

Zanen da mai walda bai gane ba, ado ne. Mafi yawan shaguna takarda suke so, ko hoto a WhatsApp, mai awo a fili. Don haka duk manhajar da za a zaɓa, a tabbatar tana fitar da zanen aiki a PDF, da jerin yankan ƙarfe: guda nawa, tsawon nawa, kauri nawa. A kuma yi magana da awon da maƙerin ya saba da shi. Da yawa da inci suke aiki, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, ba 25 ba. Wannan ɗan bambanci ya isa ya hana boris shiga shaf.

Kafin a fara zane, a zaga kasuwa a ga irin angul da bututu da boris da ake samu, a zana da su. Idan za a kai faranti wurin masu injin yanka mai aiki da kwamfuta a manyan birane, fayil ɗin DXF za su nema. Don musayar zane mai kauri tsakanin manhajoji daban-daban kuwa, STEP ne harshen da kusan dukkansu ke ji. Ajiye kwafin kowane aiki a STEP da PDF shi ke hana zane maƙalewa ranar da lasisin ɗalibta ya ƙare.

Batun manhajar sata

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana tura fasassun manhajoji a filashi da kuɗi kaɗan. Haɗarinsu a fili yake: sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar kalmomin sirri, ba sa samun gyara, kuma ranar da aka samu aiki da kamfani ko hukumar da ke duba lasisi, sai a ji kunya. A da ana iya cewa babu mafita. Yanzu da FreeCAD da lasisin ɗalibai, wannan uzuri ya ragu ƙwarai.

Kowa da daidai shi

Ɗalibin kwaleji ko jami'a mai burin aiki a masana'anta ko a harkar layin dogo, ya fara tambayar manhajar da sashensu ke koyarwa da ita, ya nemi lasisin ɗalibai da katinsa na makaranta, ya ƙara da Ansys na ɗalibai idan ya kai ga darasin ƙarfin kayan aiki.

Matashin da ke aiki a shagon walda, ko yake son ƙera inji ya sayar, FreeCAD ta fi dacewa da shi: babu kuɗin wata, babu cin data, kuma zanensa nasa ne shi kaɗai.

Wanda waya kawai yake da ita, ya fara da Onshape don koyo, amma kada ya zuba wata sabuwar dabara da yake son ɓoyewa a tsarin kyauta.

Dukkansu ƙa'ida guda ce ta haɗa su: a riƙe manhaja ɗaya har a iya ta, domin tushen zane mai bin awo iri ɗaya ne a ko'ina, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ba ya shan wahalar komawa wata. Aikin farko mafi amfani shi ne a samu tsohon injin ɓarar gyaɗa ko na niƙa a unguwa, a auna shi gaba ɗaya, a zana shi, a kai wa maƙerin takardar ya duba. Gyaran da zai yi wa zanen da alli ko da ɗan yatsa, shi ne darasin da ba a saukewa daga intanet.